Malama Sanɗa da Yarinyar Bakin Taga

Ɗalibai ne suka raɗa mata suna Malama Sanɗa, saboda takalmin robar da take sawa ranar jarrabawa. Ko kaɗan ba ya ƙara. Yaro zai tabbatar tana can gaba wajen allo, ya sunkuya zai leƙa tafin hannunsa, sai kawai ya ji numfashi a ƙeyarsa. Ta san da sunan, bai kuma dame ta ba, a ganinta ma ya rage mata rabin aiki. Shekarun baya ɗan yayarta ta kama da takarda a cikin safa, ta rubuta rahoto da hannunta, aka soke masa sakamako. Har yau sama-sama yayar take amsa gaisuwarta. Tun daga nan yara suke shigowa makarantar da tsoronta, tun ba su ga fuskarta ba.

Jarrabawar ranar ta shiga manyan makarantu ce, sau ɗaya ake yin ta a shekara. Kowace tambaya da amsoshi huɗu, ɗalibi ya zaɓi ɗaya, ya cike da'irarta da fensir a wata takarda daban, a layin da ke ɗauke da lambar tambayar. Na'ura ce ke dubawa, ita kuwa na'ura ba ta san ɗan kowa ba. Dokar masu sa ido ma a fili take, kuma Malama ta haddace ta: ba a magana da ɗalibi shi kaɗai, ba a nuna masa komai a takardarsa, duk abin da za a faɗa sai a faɗa wa ɗakin gaba ɗaya. Abokin aikinta sabon malami ne, mai takalmin fata da ke kuka duk inda ya taka. Ta tsayar da shi a bakin ƙofa, ta ce masa nan ne wurinsa har a tashi.

An ci rabin lokaci lokacin da zagayenta ya kai ta layin ƙarshe, wurin yarinyar da ke bakin taga. Ta san ta. Ta koyar da ita shekara biyu, ba ta taɓa jin muryarta ba sai in an kira sunanta. Aikin jinya take son karantawa, bara maki kaɗan ya hana ta, wannan ne zamanta na biyu. Daga tagar ma ana hango babanta, mai gyaran keken ɗinki, wanda ya rufe shago ya rako ta, ya samu dutse a gindin bishiya bayan katanga ya zauna.

Yarinyar tana bin tambayoyi da yatsan hagu, tana cike amsa da dama. Yatsan yana kan tambaya ta talatin da ɗaya. Fensirin yana kan layi na talatin.

Malama ta ƙara duba. Yatsan ya sauka talatin da biyu, fensirin ya sauka talatin da ɗaya. Nan take ta gane: can sama yarinyar ta tsallake wata tambaya mai wuya, ta manta ba ta tsallake layinta ba. Tun daga wurin duk amsar da ta cike tana zaune a gidan maƙwabciyarta. Ko da kowacce daidai ce, na'ura za ta ce kuskure ne.

Magana ɗaya ce za ta gyara komai, kuma ita ce maganar da doka ta hana. Sai Malama ta yi abin da ta iya, ta tsaya a kan yarinyar, ta zuba wa takardar ido, ko Allah zai sa ta bi idon da kallo. Yarinyar ta ji inuwa a kanta, ta sandare. Ta janye hannuwanta daga tebur, ta buɗe tafukan don a ga babu komai a ciki, ta zauna haka tana jiran hukunci. Ba ta sake taɓa fensir ba sai da Malama ta matsa. Aka yi asarar lokaci, ba a samu komai ba.

Malama ta koma gaban allo ta yanke shawarar yi wa ɗakin magana. Sai dai bakin da ya yi shekaru yana magana iri ɗaya ba ya canza hali rana guda.

"Akwai wanda na ga abin da yake yi," ta ce. "Ya gyara tun da wuri."

Yarinyar bakin taga ta ƙara sunkuyar da kai, ta ci gaba da cike layin da ba nata ba. Can tsakiya kuwa wani dogon saurayi ya miƙe, ya zaro wata takarda a naɗe daga cikin ɗamararsa, ya kawo ya ajiye a teburin Malama, ya ce a yi masa rai. Ita ba ta ma san da shi ba.

Doka ta tanadi wannan ma. Dole a kira jami'in hukumar jarrabawa daga ofis, a rubuta rahoto nan take, masu sa ido biyu su sa hannu, yaron ma ya sa. Jami'in mutum ne mai son a yi komai a natse. Ya nemi tabarau, ya karanta takardar da aka kama har bayanta, ya tambayi yadda ake rubuta sunan kakan yaron, ya yaba wa Malama, ya ce da irinta ake alfahari. Ita dai tana sa hannu, ido ɗaya a agogon bango, ɗaya a bakin taga. Ba ta taɓa jin haushin kama mai satar amsa ba sai ranar.

Da jami'in ya fita da yaron, lokacin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Wannan karon ta tauna maganar kafin ta fitar.

"Kowa ya duba. Lambar tambayar da kake kai, ita ce lambar layin da kake cikewa?"

Kawuna suka sunkuya, suka ɗago. Ɗaya ne bai ɗago ba. Malama ta ga yatsan ya tsaya, ya hau sama a hankali yana bin layi, ya isa inda ɓarnar ta fara. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki abin gogewa ta faro daga ƙasa, ta goge ta cike, ta goge ta cike. Malama ta tafi kusurwa mafi nisa ta tsaya, don ta gane duk taimakon da za ta iya yi mata bai wuce ta yi nesa da ita ba.

Agogo bai jira kowa ba. Malama ba ta taɓa ƙara wa ɗaki ko daƙiƙa ba, jami'in kuma yana jin ta daga baranda.

"Lokaci ya cika. A ajiye fensir."

A al'adarta daga layin baya take fara karɓar takardu, don can ne masu ƙarasa rubutu a ɓoye suke. Ranar ta faro daga gaba, daga bakin ƙofa. Ta sa sabon malamin ya ƙirga takardun tambaya, fuskarsa na kallon allo. Ta juya wa taga baya. Kowace takarda ta karɓa sai ta duba suna, ta hura garin abin gogewa, ta daidaita gefenta da na sauran, kamar mai jera kaya a shago. Ta riƙa jan ƙafa don a ji inda take, amma takalmin ya ƙi ba ta haɗin kai. Shekaru tana fatattakar masu satar minti ɗaya bayan an ce a ajiye, yau da zuciya ɗaya take roƙon a sata. Ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya. In ba ta gani ba, babu abin da za ta rubuta.

Tebur na ƙarshe shi ne na bakin taga. Fensirin yana kwance a miƙe a saman tebur, abin gogewa a gefensa. Hannuwan yarinyar suna kan cinyarta. A takardar, gyaran ya hauro daga ƙasa ya tsaya a hanya, layukan sama da yawa suna nan yadda suke.

Yarinyar ta ɗago ido, karon farko da ta yi mata magana ba a kira sunanta ba.

"Malama, wallahi ban taɓa ba tun da kika ce a ajiye."

"Na sani," in ji Malama.

Ta ɗora takardar a kan sauran, ta kai tebur, ta zuba su a ambulan, ta liƙe baki. Sabon malamin ya matso, takalminsa na kuka, ya ce gaskiya yau ya koyi aiki, bai taɓa ganin ɗakin da ake jin magana irin wannan ba, ko fensir ɗaya bai motsa ba. Ta miƙa masa biro ta nuna masa inda zai sa hannu.

Ta taga ta hango mai gyaran keken ɗinki ya miƙe daga kan dutsensa, yana kakkaɓe riga, yana leƙen ƙofar makaranta.