Keken Lubabatu

Tun tana ƙarama shan inna ya kama ƙafafun Lubabatu, da hannu ta koyi tafiya. Duk garin Kore Mairuwa an san man gyaɗarta. Mijinta ya tafi ci-rani kudu bai sake aiko da labari ba, ita ke ciyar da 'ya'yanta. Ranar kasuwa sai ta nemi mai amalanke ya ɗauke ta da jarkokinta, in ba a samu ba ta ja jiki cikin rairayi mai zafi.

Da aka yi shela wata ƙungiyar agaji za ta raba kekunan guragu a Dogon Dutsi, ta shiga motar kasuwa ta tafi. A farfajiyar ofishin ƙungiyar ta tarar da kekuna sababbi an jera, masu tayoyi uku da ake tuƙawa da hannu. Maza suna gaba, mata kaɗan suna rakuɓe a gindin bango.

Ma'aikacin da ke rabon, wani saurayi mai suna Abdulhakim, ya tare ta da ladabi.

"Inna, ki yi haƙuri. An ce a ba magidanta, su ka fita neman abinci. Mata kuwa suna gida, akwai mai kula da su."

"Ɗana, wa ka kula da ni?" in ji Lubabatu. Ta buɗe tafin hannuwanta, duk sun yi kanta. "Zaman ɗaka ka yin wagga? Na ji a radiyo doka ta ce mai naƙasa mai naƙasa ne, ba ta ware mace ba. In ƙarya na ji, hwaɗa mini."

Abdulhakim ya ce shi ma umarni aka ba shi.

Ba ta yi gardama ba. Ta ja jiki ta zauna daidai gaban keke na farko, ta gyara mayafinta. Asiya, wata gurguwa daga Sukukutane, ta bar gindin bango ta zo ta zauna kusa da ita. Sauran matan suka biyo baya.

Aka kira Malam Mani, dattijon da ke shugabantar guragun garin, ya zo ya karɓi nasa. Ya dubi matan, ya dubi keken, sannan ya girgiza kai.

"Ba ni hawa ta bisa kan ƙannena. A kira manyanku."

Wasu mazan suka yi gunaguni, amma babu wanda ya matsa. Abdulhakim ya fita da waya a kunne, ya daɗe yana magana da Faransanci. Da ya dawo ya ce an ɗage rabon, za a sake duba kowa bisa buƙatarsa, mace ko namiji.

Kekunan ba su ishi kowa ba. Lubabatu ta samu, amma Asiya ba ta samu ba sai a zagaye na gaba, kuma Lubabatu ba ta daina zuwa ofishin ba har aka ba Asiya nata.

Ranar da Lubabatu ta fara fita da nata, suna ake yi a gidan yayarta, can ƙarshen gari. Ta ɗaura sabon zane, ta tuƙa kanta ta tsakiyar hanya, tana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso ƙofar gidan, matan suka bar tukwane a kan wuta suka fito suna rangaɗa guɗa.