Injin Dansou a Gidan Niƙa

A daren da Dansou ya dawo Porto-Novo daga jana'izar ƙanensa a ƙauye, ya ji wata ƙara ta shigo gidansa, siririya, mai santsi, kamar keken ɗinki a bayan rufaffiyar ƙofa. Ya leƙa ta taga. Motarsa ce, farar Fijo 404, wadda 'yarsa Senami ta ce an kai wanki. Fitilun nata ne, lambar ma tata ce. Muryar ce ba tata ba.

Motar gadon mahaifinsa ce. In aka murza mata makulli sai ta yi tari irin na tsohon mashayin taba, sannan ta kama gurnani har kwanukan makwabta su amsa. Duk shekara ƙungiyar masu tsofaffin motoci tana jerin gwano zuwa bakin teku a Ouidah, kuma motar da ba a taɓa sauya wa inji ba ita ke shiga gaba. Shekara da shekaru Dansou ne a gaba. Asabar mai zuwa ce ranar.

Gari na wayewa ya ɗaga bonet. Wani ɗan ƙaramin injin Japan ne zaune a ciki, tsaf da shi, kamar baƙon da ya haye kujerar mai gida.

"Senami."

Ta fito da tsintsiya a hannu. "Ina kwana, Baba. Ka gani? Bugu ɗaya take tashi."

"Wa ya aike ki?"

"Wahala ce ta aike ni. Ranar da Mama ta yanke jiki ta faɗi, a bayan babur muka kai ta asibiti, ƙafafunta na jan ƙasa, motarka tana nan tana tari. Ribar atamfata ta shekara na zuba a wannan injin."

"Da kin zuba a rijiya, da na ji ƙarar faɗuwarta. Kin yanke wa mutum harshe, kin dasa masa na aku, kina jiran in gode?"

"Ƙarfe ne, Baba, ba mutum ba."

Bai kula ta ba. Ya tafi garejin Fagla, makaniken da ya yi aikin, ya same shi yana karyawa da akasa, tuwon ƙullun masara, da soyayyen kifi.

"Baba, bismillah."

"Ci kayanka, ɓarawon cikin gida. Ina injina?"

Fagla ya haɗiye lomar da ƙyar. "Ai cewa aka yi kun yarda. 'Yan gwangwan ma sun raina shi. Wata mai niƙa ce a bayan kasuwar Ouando ta taimaka ta ɗauka."

"Ta taimaka," in ji Dansou, yana jujjuya kalmar a baki kamar tsakuwa a cikin wake.

Bai tambayi kowa hanya ba a Ouando. Tun kafin ya sha kwana ya ji gurnanin, ya bi shi har wata rumfar kwano. Mata sun yi layi da robobin jiƙaƙƙiyar masara. Ga injinsa can a ƙasa, an ɗaura masa belti, ƙullu ya fallatsa masa har ya yi furfura. Wani kare na barci a jikinsa don ɗumi. Abin mamaki, a wannan wulaƙancin ma bai sauya murya ba.

Mai niƙan, Maman Houefa, ta dube shi, garin masara har a girarta. "Tsoho, in niƙa ne bi layi."

"Wannan injin ya je Yamai ya dawo ba a buɗe shi ba. Amaren da ya kai ɗaki sun fi matan layin nan yawa."

"To yanzu yana ciyar da jikokinsu. Ci gaba ya samu."

Matan suka kwashe da dariya.

"Ki kashe shi. Nawa ne."

"Naka ne da. Amma in gaya maka gaskiya, ya ishe ni. Shan mai gare shi kamar mijina da giya. Kawo min wanda aka sa a gurbinsa, ka kwashi kakanka ka tafi."

Ko numfashi bai ja ba ya ce ya yarda.

Da yammar Alhamis Senami ta dawo daga kasuwa ta tarar da ƙarti suna fitar da sabon injin a kan amalanke. Ta tsaya a bakin ƙofa har suka wuce, ba ta ajiye jakarta ba.

"Ka ba mai niƙa gumina."

"Na karɓo abin da kika sayar ba naki ba."

"To. In ciwon Mama ya tashi, ka goya ta." Ta shiga ɗaki ta haɗa kayanta da na uwarta, ta kira tasi, suka tafi gidanta a Kwatano. Matarsa ta dube shi ta gilashi har suka ɓace.

Washegari Fagla ya durƙusa a gaban tsohon injin da aka sauke a tsakar gidan, ya daɗe yana shafa shi.

"Baba, sun yanke kunnuwan da ake ɗaure shi a jikin mota. Sun yi masa walda a kan ƙarfen dogo. Inda giyar mota ke kamawa ma sun narka masa abin jan belti."

"Ka gyara."

"Ba zai shiga ba. Ba wannan Asabar ba, ba ta baɗi ba."

Dansou ya wawuri sifana. Fagla ya fita da gudu, ya bar takalmi ɗaya.

Ranar Asabar jerin gwanon ya biyo ta ƙofar gidansa don ya shige gaba. Motocin suka tsaya a layi suna ƙyalli, wata har da labule a taga. Dattawan ƙungiyar suka sauko cikin fararen huluna. Su ba sa buɗe bonet ɗin kowa, sun ce yin haka cin fuska ne. Juya baya suke yi su saurara, kunne ya ba da shaida. Suka jeru suka ba gidan baya.

Dansou ya naɗa igiya a jikin injin kamar yadda ya ga mai niƙa tana yi, ya fizga da dukan haushinsa. Injin ya yi tari, ya kama.

"Shi ne," in ji shugaban ƙungiyar, yana gyaɗa kai. "Ba a taɓa shi ba. Fito, Dansou, rana na yi."

Suka jira. Babu abin da ya fito. Ɗaya bayan ɗaya suka waiwayo. Ga mota can a ƙarƙashin mangwaro, bonet a buɗe, cikinta wayam, kaza ta riga ta shiga. Ga inji a tsakar gida yana rawa a kan ƙarfen dogo, busasshen ƙullu na zuba daga jikinsa. Dansou na tsaye a tsakaninsu da igiya a hannu, cikin kwat ɗinsa ta zuwa taro.

Sai ga maƙwabciyarsa, tsohuwa Sika mai sayar da koko, ta kutso tsakanin dattawan da robar masara a ka. Ta dubi injin, ta dubi Dansou.

"Baba Dansou, niƙa aka buɗe a nan ne, in huta da zuwa kasuwa?"