Layin da ya ratsa gonar Manzo

Gidan Manzo yana bakin garin Tawa, ta wajen hanyar Kalfu. Mutum biyu ne a cikinsa: matarsa Zalika da 'yarsu Rahinatu mai shekara goma sha uku. Suna da awaki uku, da rumbu ɗaya, da waya guda wadda gilashinta ya tsage a kusurwa. Abin da ba su da shi shi ne Manzo kansa. Shekara huɗu ke nan yana Abijan yana dako a kasuwa. A bana ne ya yi alkawari cewa da ruwan fari, wato ruwan farkon damina, zai dawo ya shuka gonarsa.

Akwai wani abu kuma da suka rasa, wanda Manzo bai sani ba. Damina biyu da suka wuce, ruwa ya gangaro daga tudun duwatsu ya tsaga gonar, ya tafi da tsakiyarta, ya bar kwazazzabo mai zurfin tsayin mutum biyu. Abin da ya rage tsakuwa ce a gefe da gefe. Zalika ba ta gaya masa ba. A wajensu ba a aika wa na nesa labarin da zai hana shi cin abinci. Akan jira ya zo, ya sha ruwa, ya huta, sannan a faɗa masa. Kuma Zalika ta san gonar ce kaɗai za ta janye shi daga Abijan.

"In ya zo ya gani da idonsa, ya riga ya zo," in ji ta ga Rahinatu. "Ke dai ki kama bakinki."

Ana haka, Mushe Nasiru, malamin wasanni na lakkwal ɗinsu, wato makarantar boko, ya zaɓi Rahinatu cikin waɗanda za su yi tseren makarantu. Da Manzo ya ji, murna ta kama shi, don shi ma ya yi gudu a ƙuruciyarsa. Ya sa ta saka wata manhajar gudu a wayar uwarta. A cikin manhajar ana ganin ƙasa daga sama, hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka. Mutum yakan ja layi da yatsa bisa hoton, ya aika wa wani ya bi. In mai gudu ya ɗauki wayar a jikinsa, sai ta rubuta inda ya bi, da mintin da ya yi, da hawa da gangarar da ya taka, ta nuna wa wanda ya ja layin.

Ran Lahadi layin ya iso, ja, tare da muryar Manzo.

"Ɗiyata, ga hanya na zana maki, kilomita biyar. Ki fita ta bayan masallaci, ki bi turbar shanu, ki shiga gonarmu ta wajen jeren duwatsun da na yi. Ki miƙe har gindin aduwa, ki taɓa ta, ki juyo. Kin ga gonar a hoto? Dubi yadda take kwance, kamar tabarma."

Rahinatu ta buɗa hoton da yatsu biyu. Gonar tana nan cif, da jeren duwatsunta da aduwarta. Hoton tsoho ne, an ɗauke shi tun kafin ruwan ya zo. Ta daɗe tana kallo kafin ta miƙa wa uwarta. Zalika ta duba sau ɗaya, ta mayar mata, ta koma kan tankaɗenta.

Washegari bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, Rahinatu ta ɗaure wayar a ƙugu da ɗankwali ta fita. Da ta kai bakin kwazazzabon sai ta yi abin da kowa ke yi: ta kewaya ta arewa inda ramin ya ƙare, ta taɓa aduwar, ta dawo.

Kafin azahar Manzo ya kira.

"Gudunki ya yi kyau. Amma mi ya sa kika yi baka a wajen gona? Layina miƙe yake, naki ya lanƙwashe."

Rahinatu ta kalli uwarta. Zalika ta motsa leɓe ba sauti.

"Karnuka ne, Baba," in ji Rahinatu. "Karnukan tsoho Ciɗo."

Manzo ya yi dariya. "Waɗannan? Ko ƙashi ba su iya taunawa, sun tsufa kamar mai su. Gobe ki bi layi."

Ta yi tunani yinin ranar. In ta sake kewayawa, zai sake tambaya, kuma ƙaryar karnuka ba za ta yi kwana biyu ba. Hanya ɗaya ta gani: layinta ya miƙe kamar nasa.

Da safe ta tsaya a bakin ramin, ta zauna, ta zame da baya tana kama saiwoyi. Ƙasan yashi ne mai sanyi. Ta ƙetare, ta fara hawan ɗaya gefen. Sau biyu ƙasa na ɓallewa a hannunta tana komawa. A na uku ta fito, gwiwarta na jini.

Tsoho Ciɗo, maƙwabcin gonarsu, yana zaune bisa dutse yana jiran tumakinsa.

"Amaryata, ko kura ce ta koro ki? Ga hanya can mutane na bi, ke kin zaɓi ta gafiya."

"Motsa jiki nike, Kaka."

"To in kin karye, ni dai na fasa auren. Ba ni ɗaukar gurguwa." Ya dubi gwiwarta, murmushin ya ragu. "Manzo ne bai sani ba har yanzu?"

Rahinatu ta wuce shi. Ta taɓa aduwar, ta sake sauka ramin.

Kwana uku ta yi haka. Kowace rana layinta yana kwanciya daidai bisa na ubanta, ba ko ɗan karkacewa. Ta nuna wa uwarta tana jin daɗi. Zalika ta wanke mata gwiwa da ruwan gishiri, ba ta ce ta daina ba, ba ta kuma ce ta ci gaba ba.

Ran Juma'a bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Muryar Manzo a hankali take, ba dariya.

"Rahinatu, daga jeren duwatsu zuwa aduwa taki ɗari biyu ne. Da ƙafata na auna. Minti ɗaya ya ishe ki. Ke kuwa minti tara kike yi, zuwa da dawowa duk haka, kwana uku a jere. Kuma wayar ta nuna kina sauka kina hawa a wurin da babu tudu babu kwari." Sannan ya ce, "Ba ni innarki."

Zalika ta goge hannu a zane ta karɓa. Rahinatu na jin komai, don muryar wayar a buɗe take.

"Tun yaushe?" in ji Manzo.

"Damina biyu."

"Da abin da ya rage?"

"Tsakuwa, Malam."

"Aduwar fa?"

"Tana tsaye. Saiwoyinta na gefe ɗaya a waje suke."

Ana jin hayaniyar motoci daga can inda yake.

"Sannu da haƙuri, Zalika," in ji shi. "Kin ɗauka ke kaɗai." Sannan ya ce, "Yarinyar nan cikin ramin take shiga?"

"Cikinsa."

"Kar ta sake."

Washegari sabon layi ya iso. Ya fita ta bayan masallaci, ya bi turbar shanu, ya lanƙwasa ta arewa daidai inda Rahinatu ta kewaya a ranar farko. Bai kai gindin aduwa ba, ya juyo gida. A ƙarƙashinsa hoton bai sake ba: gonar tana kwance lafiya, layin ja yana kauce wa wurin da babu komai.

Saƙon muryar gajere ne. Ya ce ta riƙa shan ruwa kafin ta fita, kuma kar ta fara tsere da ƙarfi, ta bar na gaba su gaji. Ya ce ran tseren ta ɗaure wayar da kyau don ya ga gudunta. A ƙarshe ya ce ta gaya wa innarta wani mai shago ya yi masa maganar aikin gadi, kuma yana ganin zai karɓa.

Rahinatu ta saurari saƙon sau biyu. Bai ambaci ruwan fari ba, bai ambaci shuka ba. Ta gane cewa babanta ba zai zo bana ba.