"To" Ɗin Anti Nas

"Ciki ne, Anti, wallahi ciki ne! Ni da jikoki, ina zan kai wannan kunya?"

Matar makanike ce ke kuka a bakin gadon maƙwabciyata Anti Nas, wadda a lokacin ko kofin ruwa sai an riƙe mata. Ni kuwa bakina har ƙaiƙayi yake.

"Wane irin ciki, baiwar Allah? Al'ada ce ta ɗauke! Ni ma bara..."

Sai na ji mintsini a cinya. Ikon Allah, mutum na kwance amma farcensa lafiya lau!

"To?" in ji Anti, tana kallon matar.

Shi ke nan fa, bakin matar ya buɗe. Zufar da ke jiƙa mata matashi, faɗan da ta yi da miji a kan murfin tukunya, autanta da ya tafi karatu ya bar gida tsit. Anti ba ta ce komai ba sai "to", wani gajere, wani mai ja, wani da ɗaga gira. Can matar ta fyace hanci ta ce, "Anya ma cikin ne kuwa?" Ta tuntsire da dariya. Sai a sannan Anti ta ce ta je asibiti a duba ta, ta dawo su ƙarasa.

Tun da Anti ta bar aikin asibiti, falonta ya zama matattarar matan layinmu da shekaru suka fara yi wa tsiya. Tsoronta ɗaya ne: in ta tafi, kowa ta koma kuka a banɗaki. Kuma duk layin nan ni ta zaɓa ta bar wa falon, ni tela, da ake wa laƙabi da Rediyo.

"Anti, ki nemi mai hankali mana. Ni ko keken ɗinkina na fi shi surutu."

"Ke ce ba sa jin kunyarki, kin auna ƙugun kowa. Bakin ne kawai za mu rage wa tsawo. Ce to."

"To!"

"Wannan na korar mai talla ne. Sake."

"Tooo."

"Wannan na gulma ne."

Muka yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

Wata rana da hantsi ta rasu, 'yarta na canza mata rigar matashi. Na yi kuka kamar raina zai fita, don ina son matar nan.

Bayan an watse daga zaman makoki, ina shago sai ga shugabar makarantar yaranmu, matar da ko murmushinta ba mu taɓa gani ba.

"An ce wurinki ake zuwa yanzu."

Na rufe shago. Na karɓo makulli wajen 'yar Anti, muka zauna a falon. Shugabar ta ce ta tsaya gaban ɗalibai sunan mataimakinta ya ɓace mata, ta ce ta manta rabonta da barcin kirki, tana tsoron ko taɓuwa ce. Shawarwari suka cika mini maƙogwaro, har da na kakata. Na haɗiye abina, da ƙyar.

Ta yi ta magana, muryar na raguwa, har ta tsaya a tsakiyar zance. Na leƙa fuskarta. Barci take, baki a ɗan buɗe.

Na zare mata tabarau a hankali, na saki labule, na koma na zauna.