Gaisuwar Mutuwar Kuku

Gidan kallona yana bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, ɗakin kwano ne da bencuna da janareta mai tari. Sunana Kumai. Yanzu ƙwallo ce ke riƙe da gidan, amma akwai wani fim na Turawa da muka daɗe muna bi tun zamanin kaset, na mutanen da ƙasarsu ta bushe suka shiga jirgi suna yawo tsakanin taurari suna neman inda ake ruwan sama su yi shuka. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakinmu, mu dai 'Yan Sama muke kiransa. Duk bayan wasu shekaru sai a fito da sabon kashi, sai tsofaffin 'yan kallo su dawo, wasu da sanda.

Yawancinmu manoma ne, shi ya sa fim ɗin ya kama mu. Akwai wani mahaluki a jirgin mai jiki kamar saiwar citta, muka sa masa Mai Citta. Aikinsa idan an sauka wata duniya ya ɗebi ƙasa ya ɗanɗana. Ranar da suka sauka wata kyakkyawar duniya mai koren sama, ya tauna ƙasar ya girgiza kai, ɗakin nan sai da ya yi nishi gaba ɗaya kamar an ce taki ya ƙare. Akwai kuma mutum-mutumin ƙarfe mai yawan wa'azi da muka sa wa Fasto. Da aka yi musu yayyafin farko, ya fita ya tsaya a ciki alhali ya san zai yi tsatsa. Afiniki mai sayar da kunu a ƙofata ta yi kuka ranar har ta zuba wa wani kunu a hula.

To a gidana akwai al'ada. Kowane tsohon ɗan kallo yana da mutuminsa a cikin jirgin. Idan mutuminka ya mutu, ana gama fim ba wanda zai fita. Za ka koma benci na gaba ka zauna, jama'a su yi layi su yi maka gaisuwar mutuwa, hula a hannu, ba dariya. Da wasa aka fara, amma yanzu wanda ya tsallake layi, an daina ba shi wuri a benci.

Rufus da Azariya wa da ƙane ne, uba ɗaya uwa ɗaya, 'yan Madakiya. Rufus ne babba, yana can ƙauye yana noma. Azariya ya yi aikin reluwe ya zauna a gari. Faɗa ya shiga tsakaninsu a kan iyakar gonar da ubansu ya bari, ana cikin haka matar Rufus, Magdalene, ta rasu. Azariya bai je jana'iza ba, bai je gaisuwa ba, ya aika matarsa kawai. A wajenmu ka ci gonar mutum ya yafe maka, amma ka ƙi zuwa gaisuwa, wannan sai dai a kai wa Allah. Dattawan majami'a sun raba gonar tuni, magana kuwa ba ta dawo ba. Ni na san Azariya ya so zuwa daga baya. Sati ya wuce ya ji kunya, wata ya wuce kunyar ta ƙaru, har ta yi masa girman da ba za ta shiga ƙofar Rufus ba.

Sai 'yar Azariya, Faustina, ta zo ta ce mini ranar Litinin za ta kwashe babanta zuwa Jos, domin ƙafafunsa sun fara kumbura kuma ba mai duba shi a nan. Na san irin wannan tafiyar. Tsohon da aka kai Jos saboda ƙafa, yawanci a mota mai jiniya yake dawowa. Idan wa da ƙanen nan ba su yi magana kafin Litinin ba, shi ke nan.

A satin ne kashi na ƙarshe na 'Yan Sama ya shigo hannuna. Na rufe ƙofa da safe na kalla ni kaɗai. Turancin ban kama duka ba, amma mutuwa ba ta buƙatar fassara. Kuku ne ya mutu, tsohon mai dafa wa jirgin abinci, kuma Kuku mutumin Rufus ne tun kashi na farko.

Na aika wa Rufus ɗan acaɓa cewa Asabar da azahar akwai 'Yan Sama. Azariya kuwa da kaina na je.

"Zai zo?" ya tambaye ni.

"Wa?"

"Kumai, kar ka maishe ni yaro."

"Ni fim nake nunawa, ba na ɗaukar sunan masu zuwa."

Ranar Asabar ɗaki ya cika. Rufus ya zauna gefen dama kusa da taga, Azariya can baya gefen hagu, kowanne yana duban talabijin da ba a kunna ba tukuna. Malam Dickson, tsohon hedimasta da ke fassara mana, ya zauna a kujerarsa ta roba ya gyara tabarau.

Kuku dai bai taɓa riƙe bindiga ba. Duk yaƙin da aka yi a jirgin nan, shi yana kicin yana juya tukunya, ana dawowa ya zuba wa kowa, har wanda ya zage shi. A wannan kashin, Mai Citta ya ɗanɗana ƙasar wata duniya, ya sake ɗiba, sannan ya gyaɗa kai. Ɗakina ya ɗauki tafi, wata mata ta yi guɗa. Mutanen jirgin suka ruga kicin su gaya wa Kuku. Suka same shi zaune a kan kujerarsa, ya jera kwanukan kowa ya zuba abinci, yana ta tururi, ludayi a cinyarsa. Ba harbi, ba bam. Fasto ya tsaya a kansa, karo na farko bai ce komai ba.

"Malam, me suka ce?" wani ya tambaya daga baya.

"Ba su ce komai ba," in ji Malam Dickson, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

Daga nan suka zauna suka ci abincin, domin ya riga ya zuba. Afiniki tana bakin ƙofa tana fyace hanci tana cewa, "Ko shukar bai gani ba, bawan Allah. Ko tsiro ɗaya."

Da aka gama na kashe janareta, na buɗe tagogi. Rufus ya tashi da kansa ya zo bencin gaba ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Aka yi layi.

"Sannu da haƙuri, Baba Rufus."

"Yawwa, na gode."

"Ubangiji ya ta'azantar da kai. Mutumin kirki ne."

"Amin. Bai taɓa hana kowa abinci ba."

Layi ya yi ta raguwa. Azariya yana zaune a baya yana duba takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. Na je na tsaya a bakin ƙofa ina gyara sakata da ba ta lalace ba, yadda ba hanyar fita sai ta jikina.

Afiniki ta ce da ƙarfi, "Baba Azariya, ƙafar ce ta hana, ko mu kawo maka mai makoki har wurinka?"

Ba wanda ya yi dariya, domin doka ce. Azariya ya dafa benci ya miƙe. Tafiyar ta ɗauke shi lokaci, ƙafafun sun kumbura da gaske. Ya iso gaban wansa, ya cire hula, ya so ya durƙusa gwiwa ta ƙi, sai ya tsaya a sunkuye.

"Yaya."

Rufus bai ɗaga kai ba.

"Yaya, sannu da haƙuri."

"Yawwa."

Ya kamata ya wuce daga nan. Bai wuce ba. Ya murɗa hular nan kamar yana matse wanki.

"Da na Magdalene," ya ce.

 Rufus ya ɗago ya dube shi daga sama har ƙasa, ya daɗe a kan ƙafafun.

"Wannan ƙafar, tun yaushe?"

"Tun damina."

"Ka je asibiti?"

"Faustina za ta kai ni Jos jibi."

Rufus ya gyaɗa kai a hankali. "Ta Kuku na karɓa," ya ce. "Ta Magdalene ba a gidan kallo ake yin ta ba. Ka san gida."

"Na sani, Yaya."

"To."

Ya tashi ya sa hularsa ya fita. Na matsa masa.

Ranar Litinin da hantsi Faustina ta zo mini da mota tana huci. Ta je ɗaukar babanta ta tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta sun ce tun jiya bayan an tashi daga majami'a ya hau acaɓa da kaza a hammata.

"Baba Kumai, ina kuka kai mini tsoho?"

Na ce ta bi hanyar Madakiya. Ta dawo da yamma ita kaɗai, ta tsaya ta sayi kunu. Ta ce ta same su a tsakar gida, an sa wa babanta ƙafa a cikin ruwan ɗumi, suna musu a kan ko Mai Citta ya yi gaggawar gyaɗa kai. Ta ce su tafi, Baba Rufus ya ce mai gaisuwar da ya makara haka ba ya tashi a kwana ɗaya, ta dawo Juma'a, kuma ta bar wuri a mota, shi ma zai je ya ji abin da likitan zai ce.