Ƙarar Almakashin Piryo

Shekara talatin da ɗaya ina yawo da lasifika a kan mota a garinmu. Duk zaɓe, wanda ya riga kira na shi nake yi wa. Na yi wa mahaifin Meyor Doming, na yi wa shi Meyor Doming ɗin sau biyu, a wannan karon kuwa Madam Nila ce ta ɗauke ni, wadda ke son ture shi daga kujerar magajin gari. Aji huɗu na yi a makaranta na gudu, amma Allah ya ba ni kunne. In waya ta kusa tsinkewa a cikin lasifika, nakan ji tun kafin ta tsinke.

Ranar wata Litinin da safe, saura mako biyu zaɓe, aka kira ni gidan Madam. Na same ta a baranda da lauyanta, Atorni Panes, wani ɗan birni mai fararen takalma. Ko kujera ba a nuna mini ba, sai lauyan ya ajiye waya a kan tebur.

"Nong Dinsyo," ya ce da ni, da Nong ɗin da ake sa wa dattijo a garinmu, "ka bar waƙoƙin nan naka. Daga Juma'a wannan za ka riƙa sakawa."

Ya danna. Muryar Meyor Doming ce, ba ko tantama, yana magana da wani a waya. "Ni gidaje na ce a ƙona, ban ce mutane ba," in ji shi. "Amma tunda ta faru, ta faru. Fili ya fita. Ka gaya wa masu otal ɗin su zo su auna."

Duk wanda ke garinmu ya san wutar da ake nufi. Shekara biyu kafin nan gobara ta cinye unguwar masunta ta bakin teku, mutum bakwai suka mutu, aka ce risho ne ya fashe. Madam da lauyanta suna kallon fuskata su ga yadda maganar ta shige ni. Ni kuwa ba maganar nake ji ba. A bayanta akwai wata 'yar ƙara: ƙas, ƙas, ƙas, sai shiru. Can kuma, ƙas, ƙas, ƙas.

Almakashin Piryo ne.

Piryo mai aski abokina ne tun muna gudu ba wando a bakin ruwa, ni ne kuma uban baftismar 'yarsa Nenita, shi ya sa muke kiran juna Pare. Yana da wata al'ada: duk ya yanke gashi sau ɗaya, sai ya ɗaga almakashi ya sari iska sau uku kafin ya sake yanka. Ba namijin da ya girma a garinmu da bai ji wannan ƙarar a bayan kunnensa ba. Kowa kuma ya san duk Alhamis da safe Piryo ke zuwa gidan Meyor ya yi masa aski, su biyu kawai a ɗaki. Ƙanwarsa Luding tana cikin bakwai ɗin da wutar ta ci.

Na ce, "Atorni, akwai ƙazanta a cikin sautin nan. Ku ba ni shi zuwa gobe in wanke shi, muryar kaɗai ta fita."

"Ba a taɓa shi," in ji lauyan. "Ka cire ko da numfashi ne, za su ce haɗawa aka yi da na'ura."

"Madam, ke 'yar garin nan ce. Kin ji abin da na ji."

Ta juya kofin shayinta a hankali. "Na ji, Nong. Shi ya sa mutane za su yarda. Murya kowa na iya kwaikwaya yanzu. Wannan kuwa ba mai iyawa."

A nan na gane ba mantuwa suka yi ba. Na tambayi lauyan ko abin ma halal ne a doka. Ya yi murmushi irin na wanda aka tambaya abin da ya fi son faɗa. Ya ce doka ta hana ɗaukar muryar mutum a ɓoye, ta hana yaɗa ta, wannan gaskiya ne. Amma akwai 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma rayuka bakwai magana ce ta jama'a. Za a kai mu kotu, mu kuma mu ce tsinta muka yi. Wanda ya tsinci gaskiya ya faɗa wa gari daban, wanda ya sato ta daban.

"Wanda ya sato fa?"

"Ba mu san shi ba," in ji Atorni Panes.

Daga nan shagon Piryo na nufa, kusa da kasuwar kifi. Yana zaune a kujerar askin kansa yana cin burodi da busasshen kifi.

"Ga Sarkin Hayaniya nan," ya ce. "Pare, jiya motarka ta wuce, kazata ta fasa yin ƙwai."

"Kazarka ta tsufa ne kamar mai ita. Tashi ka rage mini gashi."

"Wane gashi? Guda goma sha biyu ne, na san su da sunayensu."

Na zauna, ya ɗaura mini ƙyalle a wuya. Da ya yanka ya ɗaga hannu, sai na ƙirga da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku. Ya sake yanka, na sake ƙirgawa.

"Me kake ƙirgawa, mahaukaci?"

"Almakashinka. Kana sarar iska sau uku."

"Ni? Ƙarya kake."

Shekara arba'in yana yi, bai taɓa jin kansa ba. Na ce ya kalli madubi ya ci gaba. Ya yanka, hannun ya tashi da kansa, ƙas, ƙas, ƙas. Ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani ne.

Na rufe ƙofa na gaya masa abin da na ji a barandar Madam. Bai musa ba. Ya ce wata huɗu da suka wuce ya fara jin Meyor yana irin wannan magana a waya, aska tana hannunsa, maƙogwaron mutumin yana gabansa a buɗe. Ya ce ya ga inda jijiyar ke motsi. Bai yanka ba. Daga ranar ya riƙa sa waya a aljihun rigar aikinsa duk Alhamis, har aka dace. Da ya kai wa Madam, ta riƙe hannunsa biyu ta ce kalmomin kawai za a rubuta a kai wa alƙali, ba wanda zai san daga ina suka fito.

Na ce, "Saurara, Pare. Jirgin ruwan da ke zuwa birnin Cebu yana tashi Laraba da safe. Ka tafi wurin Nenita. Ni zan ce musu na'urata ta ƙone, in ja su har Asabar."

"In ban je aski ranar Alhamis ba, ai na gaya masa da bakina."

"To ka yi askin, ka bi kwalekwalen masunta da rana."

Ya zauna a benci, ya ajiye almakashin a cinyarsa. Can ya ce, "In an cire ƙarar nan, za su ce ƙarya ne?"

Da ina da wayo irin wanda ake cewa ina da shi, da na ce masa a'a. Amma ban taɓa yi masa ƙarya a kan abin da ya shafi sauti ba.

"Za su ce."

"To a bar ta." Ya tashi ya kama kaina ya juya shi wajen madubi. "Kuma ba inda za ni. In na gudu, za su ce ɓarawo ne aka biya. Abu ɗaya nake so. Ka fara daga bayan kasuwa, inda mutanen unguwar suke cikin rumfunan leda. Kuma ka ƙure murya, kai da ba ka iya komai ba sai ita."

Ranar Alhamis ya je ya yi wa Meyor aski kamar kullum. Ya ce har an ba shi mangwaro a leda.

Juma'a da hantsi na tsayar da mota a bayan kasuwa. Hannuna ya daɗe a kan maɓallin. Na san ko na ƙi, kafin la'asar sun tura sautin cikin wayoyin mutane, haka na riƙa gaya wa kaina. Na danna.

Kasuwar kifi ba ta shiru, amma ranar ta yi. Wata tsohuwa da ta rasa jikoki biyu a wutar ta zauna a ƙasa cikin ruwan ƙanƙara. Na bar shi ya zagayo sau biyu. A na biyun ne wata mai sayar da jatan lande ta ɗaga kai ta ce, ba ma da ƙarfi ba, "Wannan ai Piryo ne."

Ko minti uku ba a yi ba aka gane shi.

Asabar da rana 'yan sanda suka zo shagonsa da takarda. An ce yana tsakiyar yi wa wani direba aski, ya roƙi su bar shi ya gama gefe ɗaya, suka ƙi. Da yamma Atorni Panes ya same ni ina wanke mota, shi ma da tasa takardar. Ya karanta mini, don ya san karatuna ba ya sauri. Takardar rantsuwa ce cewa na tsinci 'yar memori a cikin ambulan a kujerar motata, ban san wanda ya ajiye ba, ban kuma san wanda ya ɗauki muryar ba.

"In na ƙi sa hannu fa?"

"To ka san ɓarawon kenan, Nong. In ka san shi, Madam ta san shi. Shi kenan ba tsintuwa ba ce, haɗin baki ne. Kai ne kuma ka danna maɓallin a gaban mutum ɗari uku."

"Wa zai tsaya wa Piryo a kotu?"

"Gwamnati za ta ba shi lauya. In na tsaya masa, na amsa cewa namu ne." Ya miƙo biro. "Bayan zaɓe Madam ba za ta manta da shi ba."

Na ji wannan maganar daga bakin 'yan takara tun kafin a haifi lauyan nan. Na san nauyinta. Na kuma san ina da shekara sittin da bakwai, da ciwon suga, da mata wadda ba ta iya hawa bene. Na sa hannu. Ba wanda ya riƙe mini wuya.

Ranar Talata kotu ta ba da umarni a daina sakawa. Na daina. A lokacin ko yaran da ke wasa a bakin ruwa sun haddace maganar. Atorni Panes ya shiga rediyo yana cewa ba za a toshe bakin jama'a ba, ya yi magana mai daɗi ƙwarai, har ni na kusa tafa masa. Madam ta ci zaɓe da rata mai yawa.

Sauran kuwa ga yadda ya kasance. Ƙarar da aka shigar a kaina da Madam tana nan kwance, ba wanda ya tashe ta. Da iyalan mamatan suka kai Meyor Doming kotu a kan gobarar, lauyoyinsa suka ce muryar da aka ɗauka a ɓoye ba ta zama shaida, alƙali ya ce haka doka ta ce. Yana gonarsa yanzu yana kiwon zakarun faɗa. Amma a shari'ar Piryo wannan sautin dai aka saka, aka kira maza huɗu da ya yi wa aski tun suna yara, kowanne ya ce i, almakashinsa ne. Shekara uku aka ba shi. Madam ta aika wa matarsa buhun shinkafa ta hannun wani, ba suna a jiki.

Sai da na yi wata biyar kafin na iya zuwa gidan yarin lardi. Na kai masa busasshen kifi da sabulu. Ya rame, haƙori ɗaya na gaba babu, ban tambaya ba. Muka zauna, tebur a tsakaninmu.

"An karanta takardarka a kotu," ya ce. "Ashe ba ka san ni ba."

Na tura masa ledar kifin. Ya dubi kaina.

"Wa yake maka aski yanzu? Dubi kanka, kamar sheƙar tsuntsu."

"Ba kowa. Tun ranar."

"Gashi goma sha biyu, ka bar su suna yawo." Ya miƙo hannu ta saman tebur, ya kama na gefen kunnena tsakanin yatsu biyu, ya auna tsawonsa yadda ya saba. Ba a barin almakashi a wurin, ko na yankan farce. Ya matse yatsun kamar ya yanke, sai hannun ya tashi da kansa, yatsu biyu suka haɗu a iska sau uku.

Mai gadi ya buga ƙarfe, lokaci ya cika. Piryo ya ɗauki ledar kifin ya miƙe.

"Ka san wani abu, Pare?" ya ce. "Yanzu ina jin ƙarar. Tun da suka karɓe almakashin nake jin ta."