Aikin Ɓera

Malam Harisu ya durƙusa bayan tebur, ya warware kebul ɗin da ke bayan kwamfuta, ya miƙe kamar wanda ya tsinci biro. Ɗalibai sun fita sallar azahar.

Shekara da shekaru yana koyar da rubuta manhaja a wannan makaranta ta hanyar Mai'adua, da alli kawai. Kwamfuta ɗaya ce a ajin, ita ma ta ƙi karɓar kayan gwada manhajar da aka rubuta, kuma wannan taurin kan nata ne rufin asirinsa. Shi ma a allo aka koya masa. Bai taɓa ganin abin da yake rubutawa ya yi aiki ba.

Sai ga ɗalibarsa Haulatu, mai goyon da ke zama a gaba, ta zo da wata manhaja a wayarta mai amsa tambaya kamar mutum. Ta ɗauki hoton saƙon da kwamfutar ke nunawa, abin ya bi da ita daki-daki, kafin azahar komai ya zauna. Saura Malam ya gwada a gaban kowa.

Da suka dawo, fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin.

"Kun gani ko?" in ji shi. "Tsohon kaya ke nan. Kowa ya ɗauko littafi."

Ashe Haulatu ta riga ta tambayi wayarta. "Malam, wai a duba kebul ɗin baya."

Ta leƙa. Ga kebul a ƙasa, kusoshinsa a warware, irin warwarar da sai da yatsu. Ga shatin gwiwa a dattin wurin, ga dattin a farin wandon Malam. Ta dube shi sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Mene ne?" in ji wani ɗalibi, Sada, daga baya.

"Ɓera ne," ta ce, tana ɗaurewa.

"Kai, wannan ɓeran ya yi boko!"

Aji ya kwashe da dariya. Kwamfuta ta kawo haske. Haulatu ta gyara goyonta, ta ja kujera.

"Malam, kada ku wahala. Ku karanto daga allo, ni sai in buga."

Wannan rufin asirin ya fi dariyar yi masa ciwo. Ya ajiye allin.

"A'a, tashi."

Ya zauna, bai ko kaɗe wandon ba.

"Tambayo mini abin nan naki," ya ce yadda na baya ma za su ji. "Ta ina ake farawa?"